Buga golf da agogon inji a hannu: me ke faruwa a cikinsa?

Tambaya: Malam, ina da agogo mara batir, irin wanda motsin hannu ke yi masa wani. Shekara biyar ke nan da na saye shi sabo, lokaci da kwanan wata kawai yake nunawa, kuma da sarƙar ƙarfe yake. Bana na fara buga golf. Wani abokin wasana ya ce in riƙa cire shi kafin in kama sanda, wai bugun ƙwallo yana lalata injin. Wani kuma ya ce shekara goma yana buga wasan da nasa a hannu, ko gezau. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka biyu kowanne ya faɗi abin da idonsa ya gani, kuma irin agogon kowannensu ya taɓa kwana a kan teburina. Na haura shekara ashirin ina buɗe bayan agogo, ni ma kuma ina ɗan taɓa ƙwallon lambun, ko da yake ba zan so ka ga katin makina ba. A gajarce, agogo na zamani mai lafiyayyen inji, wanda ba a cika masa ayyuka ba, kaɗa sanda kaɗai ba ta kashe shi. Abin da ke kawo mana agogo gyara shi ne bugun da ya kuskure ƙwallo ya sami ƙasa, sai kuma wasu abubuwa da ke kewaye da wasan waɗanda mutum ba ya ma kawo su a ransa. Bari in buɗe maka cikin agogon ka gani, don ka san inda tsoron ya samo asali da inda ya wuce gona da iri.

Duk cikin injin, wurin da ya fi rauni shi ne wurin da ake ƙirga lokacin. Akwai wani ɗan wili da muke kira balas, yana juyawa dama ya dawo hagu, a yawancin agogunan yanzu sau 28,800 a awa, wato sau takwas a kowace daƙiƙa. Abin da ke dawo da shi bayan kowane juyi wani siririn sifirin ne da aka naɗe kamar gammo, wanda bai kai silin gashi kauri ba. Shi wilin yana tsaye a kan wata 'yar sanda mai tsini biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kaurin kowane tsini bai cika kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma yana juyawa ne a cikin ramin dutsen yakutu na haɗi, da ɗigon man da ido ba ya gani sai da madubi. Da gangan aka sirantar da su haka don a rage gogayya. To amma wilin yana da nauyi in ka kwatanta shi da tsinin da ke ɗauke da shi. Idan agogo ya sha bugu, akwatin ya tsaya cak, wilin yana son ya ci gaba da tafiyarsa, sai tsinin ya lanƙwashe ko ya ɓalle. A zamanin da, wannan karayar ita ce ke ciyar da masu gyara. Agogo ya zame daga kan tebur, shi ke nan, sai sabuwar sanda.

Tun 1790 Abraham-Louis Breguet ya fara neman maganin abin a birnin Paris, da wata dabara da ya kira pare-chute. Amma abin da ya sauya lamarin ga kowa da kowa shi ne Incabloc, wanda ya fito a 1934 daga garin La Chaux-de-Fonds na ƙasar Suwizalan, ya kuma game gari a shekarun 1950. In bayan agogonka na gilashi ne, duba tsakiyar wilin da ke lilo, za ka ga jan dutse da wani ɗan sifirin mai ruwan zinariya ya danne shi. Shokozobar agogo ke nan. Idan bugu ya zo, dutsen yana ɗan gocewa daga mazauninsa, sai wuri mai kauri na sandar ya jingina da ƙarfe ya ɗauki nauyin, tsinin ya tsira, sannan sifirin ya mai da dutsen tsakiya. Kamfanoni da dama suna da nasu: KIF, Diashock na Seiko, Parashock na Citizen, Paraflex na Rolex. Sunaye ne daban-daban, aikin kusan ɗaya ne.

Akwai kuma ma'auni na duniya, ISO 1413, wanda ya faɗi abin da ake nufi in an ce agogo yana jure bugu. Ana kwaikwayon faɗuwa daga tsayin mita 1 a kan katako mai tauri. Guduma mai kilo 3 ce ke dukan agogon da gudun mita 4.43 a daƙiƙa, sau ɗaya a gefen ƙarfe tara, sau ɗaya a fuskar gilashi. Ƙarfin dukan yana kai wajen g 5,000, ma'ana na ɗan ƙiftawar ido kowane ƙarfe a ciki yana jin nauyinsa ya ninka sau dubu biyar. Bayan haka dole agogon ya ci gaba da tafiya, kuma saurinsa kada ya sauya fiye da daƙiƙa 60 a yini. Riƙe lambar nan ta 5,000, za mu dawo kanta. Ka kuma lura da abin da ma'aunin ya yarda da shi: agogo zai iya cin jarrabawar alhali ya fara ƙara rabin minti a yini. Jure bugu yana nufin bai mutu ba, ba ya nufin bai ji a jikinsa ba.

Yanzu mu je fili. Abin da ke tsorata mutane shi ne lambobin da suke ji game da ƙwallon. Kan doguwar sandar nan da ake kira direba, a hannun ƙwararrun da ke gasar PGA, yana isa ƙwallo da gudun da ya ɗan haura kilomita 180 a awa. Ƙwallon ba ta wuce giram 45.93 a dokar wasa, tana barin wurin da gudun kusan kilomita 270, kuma duk haɗuwar tasu ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. In ka yi lissafi, ƙwallon ta sha dukan da ya kai nauyin kilo 700 ko kusa da haka, wajen g 15,000. Mutum ya ji wannan sai ya dubi wuyan hannunsa ya ce agogona ya shiga uku.

Sai dai agogon ba a kan ƙwallon yake ba, ba kuma a kan sandar yake ba. Tsakaninsa da wurin dukan akwai jikin sanda mai lanƙwasa da ya haura mita ɗaya, akwai robar mariƙi, akwai safar hannu, tafin hannu, nama da gaɓar wuyan hannu. Kowanne yana cin rabonsa na jijjigar. Haɗuwar ma ta yi gajarta har ƙwallon takan bar fuskar sandar kafin mai bugu ya ji komai a hannunsa. Shi hannun kansa ba ya gudun kan sanda. Ko a wajen ƙwararru bai cika wuce kilomita 35 zuwa 40 a awa ba, kuma a kan baka yake tafiya, ba tsayawa yake yi farat ɗaya ba. In ka ɗauki gudun mita 10 a daƙiƙa a kan da'irar da tsawon hannun mutum ya zana, abin da za ka samu bai wuce g 10 zuwa 15 ba. Kamfanin Richard Mille ya taɓa yi wa ƙwararren ɗan golf Bubba Watson agogo, RM 38-01, mai ɗauke da ma'aunin da ke nuna ƙarfin kaɗawarsa, kuma g 20 ne ƙarshen ma'aunin. Bubba yana cikin waɗanda suka fi kowa nisan bugu a zamaninsa. Ka ajiye 20 kusa da 5,000 ka gani. Buga agogonka da ka yi a jikin ƙofa makon jiya, wanda ka manta da shi, ya fi wannan zafi nesa ba kusa ba.

Ta wajen kiyaye lokaci ma abin ba shi da yawa. Saukowar sanda daga sama zuwa ƙwallo ba ta kai rabin daƙiƙa ba, wato bugun balas biyu ko uku ne za su ɗan rikice. A zagayen ramuka 18 da ya ci awa huɗu, balas ya buga sau 115,200. Ko da kowace cikakkiyar kaɗawa ta dagula uku, ba a yi maganar da ta kai ɗari biyu ba. Wani lokaci juyin hannu yakan ƙara wa balas ƙarfi har ya zarce iyakarsa ya doki bayan cokalin da ke tura shi, ya dawo da sauri, sai agogon ya ƙara 'yan daƙiƙoƙi a ranar. Washegari ya koma yadda yake. Wannan ba lalacewa ba ce.

Inda maganar abokinka na farko take da gaskiya shi ne nan: duk lissafin da na yi na bugu mai kyau ne, wanda tsakiyar fuskar sanda ta sami ƙwallo. Kai kuwa bana ka fara. Kada ka ji haushi, dukanmu ta nan muka bi. Sabon ɗan wasa yakan sari ƙasa kafin ƙwallo, yakan doki kan ƙwallon da bakin sandar ƙarfe har ya ji zafin ya hau masa gwiwar hannu, yakan tarar da saiwar itace ko dutse a ɓoye cikin ciyawa. A irin wannan, kan sandar yana tsayawa ne kusan nan take alhali hannuwa suna kan tafiya, sai dukan ya biyo jikin sanda ya sauka a wuyan hannu. Ga wanda yake bugu da dama, hannun hagu ne ke gaba, shi ke sanye da safar, kuma a nan yawancin mutane ke ɗaura agogo. Wannan gajeren duka mai kaifi shi ne wanda inji ba ya so. Shi ma da wuya ya kai na faɗuwa daga mita ɗaya, amma ana maimaita shi, kuma yau da gobe ba ta bar komai ba.

Sannan shokozobar nan tsinin balas kawai take karewa, wasu injinan a ƙara da wili ɗaya ko biyu. Sauran kayan kowa tasa ta fisshe shi. Na taɓa karɓar agogon wani bawan Allah da ya zo ransa a ɓace, ya ce tun jiya agogon ya haukace, yana ƙara mintoci a kowace awa. Na tambaye shi ko ya faɗi, ya rantse bai faɗi ba. Da na matsa, sai ya ce ya dai yi awa biyu yana atisaye a kan tabarmar roba. Na buɗe baya, na sa madubi a ido, sai ga zagayen waje na siririn sifirin ya yi tsalle ya maƙale a kan ɗan ƙarfen da ake saita sauri da shi. Sifirin da ya gajarce yana sa balas ya yi sauri, shi ya sa agogon ke gudu kamar an biyo shi. Na sa bakin hantsaki na ɗan taɓa shi, ya koma wurinsa da kansa, balas ya buɗe lilonsa. Aikin bai kai minti biyar ba. Ya yi sa'a sifirin bai lanƙwashe ba, don da ya lanƙwashe, da maganar ta zama ta zaman awoyi ana miƙe shi zagaye bayan zagaye, ko a sauya shi ɗungurungum.

Irin waɗannan su ne muke gani: ɗan hannun saita sauri ya goce, agogon da ke ƙara daƙiƙa uku ya koma ƙara talatin, sukuru ya kwance ya faɗa tsakanin haƙoran giya, hannun minti ya saki ya fara taɓa na awa, alamar ƙarfe goma sha biyu ta ɓamɓare tana yawo a ƙarƙashin gilashi, ƙafafun da ke riƙe fuskar agogo su karye. Yawancinsu a agogon da dama can akwai abin da ya yi sako-sako suke faruwa. Golf ɗin ya tona ne kawai.

Tunda naka mai yi wa kansa wani ne, sai mu yi maganar rota, wato faifan nan mai siffar rabin wata da ke juyawa a bayan inji. Shi ne abu mafi nauyi da ke motsi a cikin agogo, kuma da gangan aka tara nauyinsa a gefe ɗaya, yana rataye a kan gindi guda a tsakiya. Akwai masu cewa kaɗa sanda zai sa ya yi wa agogo wani fiye da kima har babban sifirin ya tsinke. Wannan ka cire shi daga ranka. A agogon otomatik, ƙarshen babban sifirin ba a ɗaure yake da bangon gangarsa ba, zamewa yake yi da zarar ya cika. Abin dubawa shi ne gindin rotar. Tun 1948 da Eterna ta fara ɗora rota a kan ƙananan ƙwallayen boris guda biyar, yawancin injina sun bi wannan hanya, kuma tana da juriya. Wasu injinan kuma, har da sanannu, rotarsu a kan siririyar sanda take juyawa. In man wurin ya bushe, sandar ta ci, sai rotar ta fara rawa. Daga nan kowane duka yana sa gefenta ya gogi inji ko murfin baya. Sau da yawa ina buɗe agogo in ga zanen baka mai sheƙi a cikin murfin, da garin ƙarfe a warwatse. Garin nan in ya shiga mai, ya zama kamar yashi a cikin giya.

Ka lura da wani abu. Wasu daga cikin agogunan inji da aka ƙera musamman don a buga golf da su, masu ƙera su sun yar da rotar. RM 038 da aka yi wa Bubba Watson a 2011 da hannu ake yi masa wani, akwatinsa kuma na haɗin magnesiyam ne don ya yi sauƙi. Omega ta fito da Aqua Terra Ultra Light a 2019 tare da Rory McIlroy: titaniyam, giram 55, shi ma wanin hannu, maɓallin gefensa kuma yana shigewa cikin akwati don kada ya soki hannu. TAG Heuer kuwa da ta yi nata da Tiger Woods a 2005, batir ta sa masa gaba ɗaya, ta mai da maɓallin gefen ƙarfe tara. A ganina waɗannan zaɓe-zaɓe sun fi kowace talla gaya maka inda injiniyoyin suke jin tsoro: nauyi, rota, da abin da ke tokare wuyan hannu.

Za ka ji ana kafa hujja da 'yan wasa ta kowane ɓangare. Bubba ya ci gasar Masters a 2012 da 2014 da agogo a hannu. Phil Mickelson ya shekara da shekaru yana wasa da Rolex Cellini, siririn agogon kwalliya, kuma ya ci gasar PGA Championship ta 2021 yana ɗan shekara 50. A ɗaya gefen, mafi yawan ƙwararrun da ke da yarjejeniya da kamfanonin agogo ba sa sawa sai an gama, za ka gan su suna ciro shi daga jaka kafin a miƙa kofi. Ni ban ɗauki ko ɗaya hujja a kan naka ba. Masu cirewa galibi don sakewar hannu suke yi, ba don tausayin inji ba. Masu sawa kuma mutane ne da kusan kullum tsakiyar sanda suke samu, kuma in agogon ya yi tari akwai kamfani a bayansu. Kai in naka ya yi tari, garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da duka ya jawo, naka ma mai yiwuwa ya riga ya ƙare.

In da za a ce in zaɓi wuri ɗaya da zan hana ka sa agogon, ba filin wasa zan zaɓa ba, wurin atisaye zan zaɓa. A zagaye guda, wanda ya yi bugu 95 ko 100, kusan kashi ɗaya cikin uku gangara ƙwallo ne a kan lallausar ciyawa kusa da rami, wasu kuma gajeru ne. Cikakkiyar kaɗawa ba ta wuce arba'in zuwa hamsin ba, a warwatse cikin awa huɗu, a kan ƙasar da ke buɗewa in sanda ta sare ta. A wurin atisaye kuwa mutum zai zazzage ƙwallo ɗari cikin awa guda, a kan tabarmar roba da aka shimfiɗa bisa siminti. Ciyawa tana tsagewa ta tafi da ƙarfin dukan. Siminti mayar maka da shi yake yi. Wuyan hannunka ma yana gaya maka haka washegari.

Sauran haɗurran kuma irin na ana zaton wuta a maƙera ne. Na farko maganaɗisu. Kayan golf na yanzu cike suke da shi: na'urar auna nisa da ake mannawa a jikin ƙaramar motar fili, lasifika, maƙalin tawul, alamar ƙwallo da ke manne a hula ko a bayan safar hannu, wato dab da agogon. In siririn sifirin na ƙarfe ya kama maganaɗisu, zagayensa suna mannewa da juna, agogon ya kama gudu, mai shi ya ɗora wa sanda laifi. Ma'aunin ISO 764 na jure maganaɗisu 4,800 A/m ne kawai, kimanin gaus 60 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, kuma ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi in ya taɓa akwati ya wuce haka. Agogunan da ke da sifirin silikon, ko waɗanda METAS, hukumar awo ta Suwizalan, ta gwada a gaus 15,000, ba ruwansu da wannan. Gane shi ba wuya: kawo agogon kusa da kamfas, in allurar ta bi shi, ya kama. Cire shi aikin daƙiƙoƙi ne a wajen mai gyara.

Na biyu yashi. Bugu ɗaya a ramin yashi yana watsa maka shi har cikin sarƙa. Ƙwayar yashi ta fi bakin ƙarfen agogo tauri, balle zinariya, sai ta zauna tsakanin gaɓoɓin sarƙar tana ci a hankali har ta saki. Gumi kuma yana cinye maɗaurin fata cikin 'yan watanni. Na uku 'yan sandunan nan masu sifirin da ke riƙe maɗauri a jikin akwati. Su ne mafi araha a duk agogon, kuma in ɗaya ta gaji ta ɓalle a tsakiyar kaɗawa, agogon zai riga ƙwallon tashi.

Na huɗu zai ba ka dariya: cirewar kanta. Agogunan 'yan golf da na gyara saboda sun faɗi a wurin ajiye motoci lokacin da mai su ke kiciniyar cirewa a tsaye, hannu ɗaya riƙe da jaka, sun fi waɗanda bugun ƙwallo ya taɓa yawa. Gilashin saffaya ba ya karcewa da sauƙi, amma in ya daki kwalta ta gefe fashewa yake yi, ɓarɓashinsa ya zube a kan fuskar agogo. Wani kuma ya cire lafiya, ya jefa shi aljihun jaka tare da makullai da 'yan turakun ɗora ƙwallo, jakar ta yi awa huɗu tana tsalle a bayan mota. In za ka cire, cire a zaune, sa shi cikin 'yar jaka mai laushi, ko ka bar shi a gida tun farko.

Akwai agogunan da ba na ma tsayawa muhawara a kansu. Duk wanda aka ƙera kafin shokozoba ta zama ruwan dare, ko wanda ka duba ba ka ga ɗan sifirin nan a kan dutsen balas ba, kada ya je fili. Haka wanda ya tsufa har kayan gyaransa sun yi wuyar samu, ko da yana da ita, don ƙarfe yana gajiya. Haka masu tarin ayyuka: kalandar da ke gane shekara mai kwana 366 da kanta, mai buga ƙararrawar lokaci, turbiyon (wanda balas ɗinsa ke cikin keji mai juyawa) in ba wanda aka gina don wasa ba. Cikinsu cike yake da siraran madannai da ke zaune a bakin haƙori, duka kaɗan ke sa su tsallake. Agogon gado kuwa, ko lafiyarsa ƙalau, ban ga dalilin kai shi inda za a yi caca da shi ba. A ɗaya ɓangaren, injin da balas ɗinsa ba shi da hannun saita sauri, ana daidaita shi da ƙananan nauyi a jikin wilin, kuma gada mai ƙafa biyu ta riƙe shi maimakon mai ƙafa ɗaya, ya fi riƙe saitinsa bayan duka.

Naka, yadda ka siffanta shi, yana cikin waɗanda zan bari su shiga fili, da sharaɗi biyu. Na farko, shekara biyar lokaci ne da ya kamata a ɗora shi a kan na'urar sauraren bugu. Ka ce wa mai gyara ya nuna maka faɗin lilon balas. In an cika wani, agogon yana kwance fuska sama, lafiyayye yakan ba da digiri 270 zuwa 310. In ya faɗo ƙasa da 230, mai ya bushe, kuma busasshen inji shi ne duka ke yi wa illa. Ya duba rawar rota, ya matse sukurori, ya sauya 'yan sandunan maɗauri. Kai ma za ka iya kara agogon a kunne ka juya shi a hankali: sautin rota mai laushi ba komai, amma in ka ji ƙarfe na gogar ƙarfe, kada ka buga da shi.

Na biyu ɗauri. Sarƙar ƙarfe mai sako-sako ita ce mafi muni, don agogon yana zamewa ya daki ƙashin wuyan hannu a kowace kaɗawa, ka ga ka ƙara masa dukan da babu shi a lissafi. Ga nauyi, ga maɓallin gefe yana huda bayan hannu idan wuyan hannun ya lanƙwashe a ƙolin kaɗawa. Sa masa maɗaurin roba ko na zare, ɗaure shi daidai yadda ba zai yi yawo ba, ka ɗan matsar da shi sama da ƙashin. Wasu suna mai da shi ɗaya hannun, yana raba shi da safa da maɓallin da ke suka, amma jijjigar tana isa can ma tunda hannu biyu ke riƙe da sanda.

Daga nan sai ka gwada da kanka. Kwana bakwai kana duba shi da agogon waya a lokaci guda kowace safiya, ka rubuta daƙiƙa nawa yake ƙarawa ko ragewa. Buga zagaye ɗaya, ka ci gaba da rubutawa kwana uku. In ranar wasan kaɗai ya ɗan sauya ya dawo, ci gaba da abinka. In saurin ya koma wani sabon wuri ya zauna, saiti ya goce, a gyara, kuma agogon ya gaya maka ba ya son wasan. In mintoci yake ƙarawa, fara da kamfas kafin ka zargi sanda.

Ni dai abin da nake yi ke nan: ina da wani otomatik mara tsada a kan maɗaurin roba, da shi nake zagaya ramuka 18, kuma in na tarar da ƙwallona a gindin itace ko cikin tsakuwa, nakan zare shi in sa a aljihu kafin in buga. Ranar atisaye a kan tabarma kuwa mai batir nake ɗaurawa. Kai da har yanzu sandarka ke yawan gaisawa da ƙasa, zan ce ka bar agogon a gida duk ranar atisaye har bugunka ya daidaita, ka kai shi a auna lilon balas ɗin kafin zagayenka na gaba.